Yadda Na Noma Funfuna a Gidan Madam Ramatu

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta da wata Laraba ta tsakiyar watan Agustan bara ba, ranar da na buɗe gidan Madam Ramatu na tarar bangon ɗaki ya tsiro da gashi. Ku sababbin shiga kuna ji ana kirana Mai Turare, har wata a cikinku ta matso jiya tana shinshina mayafina. To ba don ƙamshi aka sa mini sunan ba. Gara ku ji labarin daga bakina kafin Sa'a abokiyar aikinmu ta ba ku nata, domin Sa'a da ludayi take zuba wa labari gishiri, ni kuwa duk Dogon Dutsi an san ba na ƙari.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su taɓa riƙe tsumma tare da mu ba. Inna Dije, yayar mahaifiyata, ita ta tara mata ƴan kaɗan suna gyara wa mutane gidaje, musamman ma'aikatan da ake turowa garin nan daga nesa, irin su malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan likita, wato asibiti. Mutum zai kama gidan haya, ya aiko da kayansa a mota, mu share, mu wanke, mu jera, shi kuwa ya iso ya tarar da gida kamar ya shekara a ciki. Ni na shiga aikin ne a dogon hutun lakwal ina da shekara goma sha biyar. Bara ina da sha shida. Yanzu sha bakwai gare ni, wato na zama tsohuwar ma'aikaciya, don haka ku saurara da ladabi.

Inna ba ta yarda da jabel, ruwan nan mai ƙarfin wari da ke farar da kaya, ba ta yarda da maganin sauro na fesawa, ba ta kuma yarda da ruwan nan mai launi da ake tsiyayawa a bokiti ya yi ta kumfa. Ta yi shekaru tana wanki da jabel a gidan wani babban ma'aikaci har tafin hannunta ya tsattsage, ta kuma kwashi wani tari da bai sake ta ba sai da ta bar gidan. Shi ya sa kayan aikinmu duk na gida ne: toka da aka tankaɗe, lemun tsami, sabulun salo, ƴar kanwa, tsamiya don tukwane, sai ruwan dafaffen ganyen dogonyaro da muke goge katako da shi saboda ƙwari. Idan mun gama, a gindin bishiya muke juye ruwan bokiti, kaji su bi su yi ta tono, kuma har yau babu kazar da ta kawo ƙara.

Muƙamai uku ne a wurinmu. Na ƙasa ita ce ƴar bokiti, mai ɗebo ruwa, ta tankaɗe toka, ta matse lemu har yatsunta su yi fari. Daga nan sai ƴar tsumma, mai guga da wanki da jera kaya. Can sama kuma akwai mai makulli. Ita ke buɗe gida, ita ke rufewa, ita ke cewa an gama, kuma idan abu ya ɓaci ita ake nema.

Sai dokar damina, wadda ita ce tushen wannan labari. Baƙi suna ɗauka garinmu kullum a bushe yake. Su zo a Agusta su gani. Ruwa zai sauka da safe, rana ta buɗe da azahar, sai gari ya koma kamar cikin tukunyar dambu. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana biyu a igiya yana nan da laimarsa, mutum yana zaune bai yi aikin komai ba gumi na bin gadon bayansa. A wannan lokaci funfuna take fitowa, wato furen nan mai laushi da ke kama bango da takalmi da tabarma idan sun zauna cikin laima. Dokar Inna ita ce ruwa kaɗan, iska da yawa. A matse tsumma sosai, a gama goge ƙasa kafin azahar, a bar tagogi masu raga a buɗe, mai makulli kuma ta riƙa leƙa gidan kullum har mai shi ya iso. Na haddace dokar nan kamar karatun lakwal. Kuma kamar karatun lakwal, ranar jarrabawa ta gudu ta bar ni.

Madam Ramatu sajifam ce, wato ungozomar likita, an turo ta garin nan daga Yamai. Ta kama gidan siminti mai ɗaki uku da rufin kwano, wanda yake a kulle tun kafin ruwan farko. Kayanta sun riga ta isowa, ita kuma za ta zo ranar Alhamis da la'asar. Da ta kira Inna a waya, abu ɗaya ta yi ta maimaitawa: tana da ɗiya, Nana, ƴar shekara shida, mai ciwon fuka. Warin jabel, maganin fesawa, ƙurar ɗaki ko warin laima, kowanne yana iya shaƙe wa yarinyar ƙirji. Ta ce saboda haka ne ma ta neme mu, domin an gaya mata mu ba mu sa wa gida komai na kwalba.

Ranar Asabar da za a yi aikin, sai ga saƙo ɗiyar Inna ta haihu a Dumega. Dole Inna ta tafi, ba za ta dawo ba sai Laraba. Ta dubi Sa'a, wadda ta girme ni da shekara uku amma ta taɓa ɓatar da makulli har sau biyu, ɗaya ma a cikin kwanon miya aka same shi. Ta dube ni. Ta yi ajiyar zuciya irin ta mai sayen akuya a kasuwar da ta watse, ta ɗaura makullin a zare ta rataya mini a wuya. Ta maimaita mini zancen Nana, ta maimaita dokar damina, na ce mata ta tafi hankalinta kwance.

Daga gidan Inna zuwa gidan Madam tafiyar minti goma ce. Na yi ta cikin awa guda, domin sai da na bi ta kasuwa, na bi ta tasha, na bi ta ƙofar gidan duk wata ƙawata, makulli na lilo a kan riga. Wadda ba ta lura ba, sai in yi tari in gyara shi.

Aiki kam mun yi shi, wannan ko Sa'a ba za ta musa ba. Mun kakkaɓe yanar gizo, mun fitar da kyankyasai da suka riga suka kafa unguwa a bayan ƙofa, mun dirje makewayi da toka har yana ɗaukar ido. Amma da yake ranar ni ce hukuma, sai na ga tsumman da aka matse bai dace da gidan mutuniyar Yamai ba. Na sa aka yi ta kwara wa siminti ruwa bokiti bayan bokiti, na wanke bango har inda hannuna ya kai a kan kujera. Ƴar katifar Nana ma na shafe ta da ruwan dogonyaro na shanya a tsakar gida. Sa'a ta ce ruwan nan fa ya yi yawa. Na taɓa makulli na tambaye ta a wuyan wa yake.

Da la'asar aka aiko kiran Sa'a daga gida, ta tafi ta bar ni. Can sai hadari ya taso daga gabas. Na kwashe shanya da gudu, na mayar da katifa kan gado ba ta gama bushewa ba, na jera takalman Madam a gindin bango, na shimfiɗa tabarmi. Sannan na tsaya tsakiyar falo na shaƙi iska. Gida ya yi fes, amma ba ya ƙamshin komai. Nan ne shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata ya gyara zama. Na ce a raina, mace za ta taso tun daga Yamai, inda na ji an ce ko tsumman gugarsu ƙamshi yake yi, ta shigo gida ta ji shi salam kamar ruwan randa? Ai sai ta ce ƴan Arewa ba su waye ba.

Na ruga gida na ɗauko kaskon mahaifiyata da garwashi, na buɗe akwatinta na ɗebo turaren wutan da take ɓoyo tun bikin yayata, wanda ko ranar salla tsunkule ɗaya take sawa. Ni da tafin hannu na ɗiba. Ban manta da Nana ba, kada ku ce na manta. Lissafina shi ne an hana jabel da abin fesawa saboda na butiki ne, wato na kanti, turare kuwa namu ne na gida, itace ne da ƙaro, kamar dai toka da lemu. Na turara ɗaki uku da falo har ba na ganin tafin hannuna. Kuma duk macen da ta tashi a garin nan ta san turare ba ya kama ɗaki sai an rufe. Haka na ga mahaifiyata tana yi, haka aka yi wa ɗakin yayata. Sai na rufe tagogi duka, na cusa tsumma a ƙarƙashin kowace ƙofa, na jira garwashi ya mutu, na fitar da kasko, na datse gida.

Lahadi ban leƙa ba. Litinin ban leƙa ba. Talata Sa'a ta tambaye ni ko na je, na ce mata komai yana tafiya bisa tsari. Gani nake idan na buɗe, ƙamshin zai tsere. A kwanakin nan an yi ruwa sau uku, tsakaninsu kuma rana ta yi ta dukan kwanon rufin kamar tana bin sa bashin gaba.

Laraba da hantsi na yi wanka, na sa sabon mayafi, na tafi in fara shaƙar aikina kafin Inna ta sauka. Ina murɗa makulli na tura ƙofa, sai wani abu ya fito ya mare ni a fuska. Ku ɗauka an kama tsohon bunsuru, an yi masa wanka da turare, an kulle shi a rumbu mako guda. To wannan bunsurun ya fi abin da na shaƙa daɗi.

Da idona ya saba da duhun, sai na ga gonata. Gindin bango kore, sama da shi baƙi-baƙi, kusurwa fari kamar auduga. Takalman Madam na fata sun yi gemu, wani ma har da saje. Tabarma na ɗaga ta na tarar ƙarƙashinta ya yi fure. Ƙafafun gado sun sa safa. Katifar Nana kuwa ta yi ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa, ga hayaƙi ya shige cikin sosonta ya yi zamansa. Sa'a tana gaya wa mutane wai na suma. Ban suma ba. Zama kawai na yi a dokin ƙofa.

Da na farfaɗo daga zaman, abin da ya fara zo mini shi ne jabel. Kwalba biyu, awa biyu, bango ya koma fari, Inna ba ta sauka ba, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Na tsallaka titi zuwa butikin Malam Abdu, wani saurayi mai ɗan gemu da wando iya ƙauri, wanda ba ya sayar da sigari kuma ba ya rantsuwa a ciniki. Na yi ƙasa da murya na ce ya ba ni jabel. Ya dube ni, ya dubi makullin wuyana, ya ɗauko kwalbar ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ga shi, sana'ata ce. Amma in Inna Dije ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Kuma in da lemun tsami kika wanke wurin, kada ki zuba wannan a kai, abin da zai tashi sai ya kayar da babba."

Zancen Inna bai tsorata ni sosai ba, ko da yake hancinta yana iya jin jabel daga Dumega idan iska ta juyo. Maganarsa ta biyu ce ta tsaya mini. Akwai wata ƴar ajinmu mai fuka, na taɓa ganin abin ya taso mata ana cikin darasi. Ta dafe tebur, kafaɗunta na hawa da sauka, ƙirjinta na wani siririn kuka, idonta a kanmu tana neman iska a ɗakin da iska ta cika. Mu duka muka rasa abin yi. Sai na ga yarinyar da ban taɓa gani ba, ƴar shekara shida, kwance a ɗakin da na gyara, tana yin haka a darenta na farko a garinmu. Na ture kwalbar na ce ya mayar. Ya mayar, ya ce idan muna son fanka yana da ɗaya a ciki.

A tasha na tari Inna tana saukowa daga mota da ƙullin goron suna. Tana ganin fuskata ta fasa gaisuwa ta kira mana kabu-kabu. A gidan Madam ta shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, tana dubawa tana shinshinawa. Ni da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da ta fito tsakar gida ta tofar da yawu, sannan ta ce, "Barira, mi kinka yi ma gidan mutane?"

Na kwashe duka na gaya mata, har da ruwan da na kwarara, har da tsumman ƙarƙashin ƙofa, har da zuwana butiki. Da na kai wurin da na ce ai turare na gida ne, sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Hayaƙi hayaƙi na, ɗiyata. Ƙirjin yarinya bai san na gida da na butiki ba."

Na fara kwance zaren makulli in miƙa mata. Ta ce in bar shi inda yake. Wadda ta shuka ita za ta girbe, kuma gobe da bakina zan gaya wa Madam abin da ya faru. Ta aika aka kira Sa'a da sauran mata biyu, ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta ce kowa ya yi haka.

Ku riƙe yadda aka yi, domin wata rana za ku buƙata. Da farko an buɗe kowace taga da kowace ƙofa, an fitar da duk abin da ke ɗaukuwa zuwa rana. Ba a share funfuna da tsintsiya, domin tashi take yi ta bi iska ta shiga hanci. Da tsumma mai ɗan danshi ake ɗauke ta, a wanke tsumman a waje. Bayan haka muka dirje bango da kwaɓaɓɓiyar toka da sabulun salo, muka goge, muka bi wuraren da suka yi baƙi da ruwan lemun tsami zalla, sannan busasshen tsumma. Lemun da na matse ranar, da za a jera ɓawonsa da ya kai Dumega ya dawo. Duk wani ɗan yanka da ke hannuna tun ina goye sai da ya tashi ya gaishe ni. Inna ta sa aka zuba gawayi da busasshiyar toka a kwanoni aka ajiye a kusurwoyi su tsotse laima da wari. Malam Abdu ya kawo fankarsa da kansa, ya ajiye a bakin ƙofa ya yi sallama ya koma.

Babbar abokiyar aikinmu ranar ita ce rana, babban abokin gaba kuma hadari. Ni aka ɗora wa gadin gabas. Ina dirza ina leƙen sama. Sau biyu gari ya haɗe, na yi shela, muka kwashi kujeru da labule da tabarmi a guje zuwa rumfa, sau biyu kuma hadarin ya yi mana dariya ya wuce Tibiri. Kayan da muka baza sun cika tsakar gida har ƙofar waje, mutanen unguwa suka ɗauka gwanjo ake yi. Wata tsohuwa ta zo ta zauna a kujerar Madam, ta jijjiga ta, ta ce idan za a rage mata tana so. Sa'a kuwa duk wanda ya tambaya sai ta nuna ni ta ce a gaida Mai Turare. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ban yafe ba.

Alhamis da hantsi bango ya bushe, takalma an yi musu aski an shafa musu man kaɗanya, labule sun sha rana har sun yi ƙamas. Inna ta bi komai da hanci kamar mai sayen daddawa. Komai ya wuce, sai katifar Nana. Ta danna ta, ta kai hanci, ta girgiza kai. Ta ce bayanta ya bushe amma cikinta da saura, kuma hayaƙin yana nan. Wannan sai ta yi kwanaki tana shan rana kafin yaro mai lafiya ma ya hau ta, balle mai fuka.

Inna ta tsaya tana kallona. Ni kuwa ina da katifa sabuwa fil, wadda na saya da gumin hutun shekarar da ta gabata, wadda ko ƙanwata ban yarda ta zauna a bakinta ba. Na dubi sama, na dubi ƙasa, na dubi fanka. Inna tana nan tana kallona. Na ce to ai ni ma dama likitoci sun ce kwanan tabarma yana gyara baya. Haka na ɗauko katifata a ka, na ratsa gari da ita, ta hanyar da na bi ranar Asabar ina nuna makulli. Duk ƙawar da na yi wa tari ranar, sai da ta fito ta tambaye ni ko aure zan yi.

Da la'asar mota ta tsaya. Madam Ramatu ta fito, doguwa mai tabarau, ta riƙo hannun wata ƴar siririyar yarinya mai manyan idanu. A wuyan yarinyar akwai zare, a jikin zaren kuma ɗan abin shaƙar nan na masu fuka, yana lilo a kan rigarta kamar yadda makullina yake yi. Ina ganin haka jawabin da na shirya ya watse. Bayan gaisuwa Inna ta ce mai makulli tana da magana, ta ja da baya ta bar ni a fili.

Na faɗa duka. Madam ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Tambayoyi ta jero mini irin na likita: kwana nawa gidan ya yi a rufe, wane ɗaki ya fi kamuwa, da me aka wanke, an sa jabel ko ba a sa ba. Na ce na je saye amma na fasa. Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Sannan ta ce Nana ta tsaya wurin Inna, ta shiga ita kaɗai. Ta taga muna hangenta tana shafa bango da bayan hannu, tana durƙusawa ta leƙa ƙarƙashin gado, tana kai hanci jikin labule. Ta tambaya katifar wa ce wannan, Sa'a ta amsa tun kafin in buɗe baki, har da bayanin yadda na ratso kasuwa da ita.

Sai Madam ta miƙo hannu ta kira Nana. Yarinyar ta shiga a hankali, hannunta ɗaya a kan abin shaƙarta. Ta tsaya tsakiyar ɗakin da aka ce nata ne, ta ja numfashi, ta sake ja. Mu biyar a bakin ƙofa babu mai numfashi, ita kaɗai ke yi mana.

Ta ce, "Mama, ɗakin nan ba ya warin komai."

Ni a lokacin ji nake kamar kushe ne. Sai na ga Madam ta sauke kafaɗu, ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce mana rabon Nana da ta shiga baƙon ɗaki ta faɗi haka har ta manta. Nana kuwa tuni ta haye katifata tana tsalle a kai, abin da ko ni mai ita ban taɓa yi ba.

Washegari da safe na je mayar da fankar Malam Abdu, na tarar da Madam a ƙofar gida za ta tafi likita. Ta ce Nana ta yi barci har gari ya waye, ko tari ɗaya ba ta ji ba. Ta ƙara da cewa ƙafar takalminta ɗaya har yanzu da ɗan tabo, amma za ta bar shi don ta riƙa tunawa da ni. Daga baya ma'aikatan likita uku suka nemi Inna, kuma kowannensu sai ya ce a turo masa yarinyar nan da ta fasa sayen jabel. Babu wanda ya ce a turo yarinyar da ta noma funfuna, ko da yake mutum ɗaya ce.

Katifar Nana ta yi kwana tara tana shan rana a tsakar gidanmu, ina fitar da ita ina shigarwa kamar mai jinya, kafin hancin Inna ya sallame ta. Kwana tara ina kan tabarma, a jikina kuwa sun yi arba'in, kuma bayana bai gyaru da komai ba.

To ku sababbin shiga, ga abin da na samu. Toka da lemu da dogonyaro ba layu ba ne. Abu yana iya zama na gida kuma ya cuci mutum idan an sa shi inda bai dace ba, kuma a damina rabin aikinmu rana da iska ke yi, mu dai buɗe musu hanya ne namu. Wanda ya ba ku makullinsa kuma, ba ƙamshi ya aiko ku nema ba, so yake ya kwanta da iyalinsa su tashi lafiya. Idan kun ɓata, ku faɗa tun da sauran rana a sama, domin Inna tana iya gyara funfuna amma ba ta iya gyara abin da aka ɓoye mata.

Ni yanzu duk gidan da na gama, sai na taɓa siminti da tafin hannu, na duba tagogi a buɗe suke, sannan in tsaya a bakin ƙofa in ja numfashi sau biyu irin na Nana. Idan na ji ba ya warin komai, sai in murɗa makulli. Turaren mahaifiyata kuwa, har yau tana cewa ɓeraye ne suka shiga akwatin, kuma duk wadda ta gyara mata wannan zance a cikinku, ƴar bokiti za ta zauna har ta yi jika.